Ɓarawon da Ya Tsaya Buga Iska

Idan ka tambayi mutanen layin masu gyara labarin Baba Mai Faci, kowa da inda zai fara. Tela zai ce maka tun yana ɗan makaranta yake ganin tsohon a gindin bishiyar nan da kwanon ruwansa na neman huji, kuma bai taɓa ganin facinsa ya ɗaye ba. Mai shayi zai ce mutum ne mai hannun alheri, sai ka wayi gari ka tarar ya gyara maka ƙafar benci ba ka roƙe shi ba. Waɗanda suka koyi aiki a hannunsa kuwa, wasunsu yanzu har da furfura, cewa suke kunnensa ya fi idonsa gani, keke na wucewa zai gaya maka ciwonsa.

Abu ɗaya ne duk suka haɗu a kansa. Babu mai ran da ya taɓa jin Baba ya ce wa wani ya yi haƙuri. Matarsa Inna takan ce ita dai ta cire rai, sai dai ko a lahira.

'Yarsa ta tashi a gindin bishiyar nan, sifana ce abin wasanta. Da ta girma ta kama shagon da ke bayan rumfarsa ta fara ƙera nata keken. Baban ne ya sa mata suna Injiniya don zolaya, sunan ya bi ta. Keken da ta ƙera na gora ne, gorar da ta busar ta gasa, ta ɗaure mahaɗanta da zare da gam. Dogo ne, da akwatin kaya a gaba. Ba shi da sarƙa, bel ta sa masa mai haƙora, irin na cikin injin mota. Baba kan gaya wa duk wanda ya zauna a bencinsa cewa 'yarsa ta ƙera keken da gara za ta karya kumallo da shi.

To, keken nan ne aka sace.

Da safe suka iso caji ofis, wanda ke can saman tudu kusa da tankin ruwa. Baba na gaba yana haki yana faɗa, Injiniya na biye da shi idonta ya yi ja. Sufeto ya ba su kujera. Mutum ne da ba ya katse mai magana, har abokan aikinsa kan ce idan ka ba shi rahoto sai ka faɗi abin da ba ka zo da niyyar faɗa ba, don kawai shirun ya ishe ka.

Injiniya ta yi bayani. Jiya da rana ta kulle shago ta tafi sayen fenti. Da ta dawo da yamma ta tarar da kwaɗo a kulle, keke babu. Kuma gobe da safe ne ƙungiyar 'yan dakon kasuwa za ta gwada shi. Sun gaji da tura baro, suna neman abin ɗaukar kaya. Sharaɗinsu guda ne: idan keken ya hau wannan tudun da kaya, nata za su ɗauka. Idan bai hau ba, ko bai zo ba, za su koma wa Dillali, mai sayar da babura masu ƙafa uku.

"Akwai wani keken bayan shi?" in ji Sufeto.

"Shi kenan, Yallaɓai. Kusan shekara na yi ina aikinsa."

"Wa ya san inda makulli yake?"

Kafin ta amsa Baba ya karɓe. Ya ce makulli a akwatin kayan aikinsa yake kwana yake wuni, kuma duk wanda ya taɓa koyon aiki a gindin bishiyarsa ya san haka. Dillali kuwa yaronsa ne, shi ya koya masa riƙon sifana. Wa zai ci riba idan keke ya ɓata? Ai ba sai an yi duba ba.

"Kai kana ina jiya da rana, Baba?"

"Gida. Barci na yi. Ko an hana tsoho barci ne?"

Sufeto ya ce ba a hana ba. Ya aika a zo da Dillali, shi kuma ya ɗauki hularsa ya kira Kofur, wani ƙaton mutum mai son hira da son abinci, suka gangara tare da masu ƙara.

Shagon Injiniya ƙarami ne, yana ƙamshin gam da ƙonanniyar gora. An jingine gorori a bango bisa tsawonsu. A tsakiya ga wurin da keken yake tsayawa, fenti ya ɗiɗɗiga ya zana siffarsa a ƙasa. Kofur ya duba kwaɗo ya ce ba a taɓa shi da ƙarfe ba. Ya duba taga, ita ma lafiya.

Injiniya ta tura ƙofar don haske ya shigo, sai ta tsaya ta sake turawa. Ta ce ƙofar nan ta daɗe tana jan ƙasa, yau ga ta tana tafiya sumul. Baba daga waje ya ce shi ya ɗaga ta da sassafe, don ya gaji da jin kukanta.

Sufeto ya juya wajen bango. Famfon iska yake kallo, wanda ke rataye a ƙusa, an naɗe robarsa tsaf an soke bakin a tsakiya.

"Jiya kin yi amfani da wannan?"

Ta ce a'a. Hasali ma ta sace iskar tayoyin duka biyu don ta shafa wa rim, wato ƙarfen taya, fenti, famfon kuma a ƙasa ta bar shi.

"Kenan ɓarawon ya shigo, ya tarar da taya a kwance, ya tsaya ya buga iska."

"Ya kuma naɗe famfo ya rataye," in ji Kofur. "Yallaɓai, wannan ɓarawon ya fi ƙannena tarbiyya."

Sufeto ya tambayi wa ke irin wannan naɗin. Injiniya ta ce ita ma haka take yi. Duk wanda ya koyi aiki wurin Baba haka yake yi, don idan ka yar da famfo a ƙasa ranar sai kunnenka ya yi zafi.

"Kun ji ko?" in ji Baba. "Na gaya muku yarona ne."

Da suka koma ofis sun tarar an ajiye Dillali a bayan kanta. Mutum ne mai tumbi da fara'a, ya cika bencin shi kaɗai. Ya rantse cewa rabonsa da layin masu gyara tun bara. Sufeto ya saurare shi har ya gama rantsuwa, sannan ya ce Tela ya gan shi jiya da rana yana leƙen tagar Injiniya.

Dillali ya share gumi. Ya roƙi a fitar da Kofur, Sufeto ya ƙi. Sai ya rage murya ya ce gaskiya ya je. Likita ne ya ce masa ko ya rage tumbin nan ko tumbin ya rage shi, ya kuma ba shi shawarar hawan keke. Shi kuwa duk keken da ya hau sai ya lanƙwashe. Ya ji an ce na gora yana ɗaukar nauyi, shi ne ya je a ɓoye don ya roƙe ta ta ƙera masa guda.

"Mai sayar da babur a kan keken gora," in ji Kofur. "Ranar kasuwa za ta watse."

"Shi ya sa na ce ka fita," in ji Dillali.

Sufeto ya tambaye shi abin da ya gani ta tagar. Ya ce bai ga komai ba, keken ba ya ciki. Amma da ya juyo ya hango shi can ƙarshen layi, ya nufi wajen mai bulo.

"Wa ke kai?"

"Bayansa na gani, Yallaɓai."

"Bayan wa?"

"Baya ai duk ɗaya ne."

"Ka san wanda ya kawo sunanka nan? Maigidanka ne, Baba Mai Faci."

Dillali ya ƙura wa Sufeto ido. Sai kafaɗunsa suka fara rawa, dariya ta ƙwace masa har da hawaye. Da ya samu numfashi ya ce idan maigidansa ya ce shi ne, to a bar shi a bayan kanta, ba zai musa ba. Abinci dai a taimaka a kawo da wuri.

A hanya Kofur ya ce wannan dariyar ta marar gaskiya ce. Sufeto ya ce shi bai taɓa ganin marar gaskiya ya ji daɗin bayan kanta haka ba.

Mai Bulo yana ba wa bulo ruwa suka same shi. Tun kafin a tambaye shi ya ce shi bai ga keke ba, bai ga gora ba, bai ga kowa ba. Sufeto ya ce to madalla, ya nemi wuri ya zauna a kan bulo kamar wanda ya zo hutawa.

Mai Bulo ya ci gaba da ban ruwa har ya jiƙa ƙafarsa.

A bakin rumfa akwai buhunan siminti da aka jera daban da sauran, an daidaita su kamar da ma'auni. Kowanne da shatin hannu baƙi a kunnuwansa. Sufeto ya dangwala yatsa ya sansana. Baƙin mai ne.

"Masu aikinka da mai suke ɗaukar siminti?"

Mai Bulo ya ajiye tiyo. Ya ce to, wani mutum ya zo da keken gora ya ari buhu shida, ya ce gwaji zai yi. Ya loda su a akwatin keken ya hau, ya zaga filin nan ya sake zagawa, har yana sakin hannu ɗaya. Daga nan ya nufi tudu. Can sai ga shi ya dawo a ƙasa yana turawa, gumi har gwiwa. Ya sauke buhunan ya jera, ya tura kekensa ya tafi.

"Wato sata ya yi ya nufo caji ofis da ita," in ji Kofur. "Da ya ƙarasa ai ya hutar da mu."

"Sunan mutumin?" in ji Sufeto.

"Yallaɓai, ni ban iya riƙe suna ba."

"Fuska fa?"

"Ita ma haka."

Sufeto ya miƙe. Zai fita ya ɗan tura baron da ke tsaye a hanya, baron ya tafi shiru ba ƙara. Ya ce rabonsa da ganin baron mai bulo da ba ya kuka har ya manta. Mai Bulo ya ce ai da safen nan aka gyara masa, sai ya kama bakinsa ya koma ban ruwa.

Suka kira Injiniya ta same su a tudun. A daidai kwanar da hawan ya fi tsauri Kofur ya ga ɗigon mai a kan kwalta, da farin ƙurar siminti, da shatin takalmi inda wani ya dafe ƙasa da ƙarfi. Sufeto ya gaya mata abin da Mai Bulo ya ce, ya tambaye ta me zai sa keke ya ɗauki kaya a fili lafiya amma ya ƙi hawa tudu.

Ta tsuguna ta taɓa man. Ta ce kekenta ba ya shan mai ko ɗigo, amfanin bel kenan, ba ya tsatsa ba ya ɓata wa mutum tufafi. Sarƙa ce ke son mai, kuma sarƙa ce ake bar wa ɗan sassauci. Bel kuwa sai an ɗaure shi tam. Idan wani ya sassauta shi ya kuma zuba masa mai, a fili zai tafi, amma da an taka da ƙarfi a tudu sai haƙoran su riƙa tsallakewa, feda na juyawa keke na tsaye.

"Ya lalace kenan?"

"A'a. Ruwa da sabulu ne, sai a ɗaure." Fuskarta ta ɗan washe, sannan ta sake ɗaurewa. "Idan an same shi."

"Wane irin ɓarawo ne zai tsaya yi wa abin da ya sata gyara?"

Ta ce ba ɓarawo ba ne wannan, mai faci ne. Mai faci ba ya iya ganin abu a bushe ya wuce, hannunsa ne ke zuwa kafin hankalinsa. Ta faɗi haka tana murmushi, sai murmushin ya tsaya. Ta dubi Sufeto. Sufeto ya dubi tankin ruwa.

"Masu faci suna da yawa a gari," in ji ta a hankali.

"Suna da yawa," in ji shi.

Gidan Baba ba nisa. Inna tana shanya a tsakar gida ta yi musu maraba, ta kawo ruwa, ta kawo wa Kofur abin taɓawa tun bai nema ba. Sufeto ya ce sun zo ne kawai su ji ko Baba ya sami barcinsa jiya da rana.

Inna ta ce wane barci? Mutumin da ya shigo da magariba fari fat kamar an tono shi, ya ce wai bango ya jingina da shi. Abinci ma bai ci ba. Ta nuna wata riga a kan igiya, ta ce wanki biyu ta yi mata simintin bai fita ba.

Sufeto ya sha ruwa, Inna kuwa ta ci gaba. Ta ce ita abin da ya fi ɗaure mata kai, tun asuba yake shagon yarinyar nan. Ya ɗaga ƙofa, ya wasa zarto, ya toshe inda rufi ke yoyo. To ita ta san mijinta. Shekarar da ya manta ta a tasha ya dawo gida shi kaɗai, bai ce mata komai ba, amma washegari ta tashi ta tarar ya sake wa duk tukwanenta hannu. Ranar da ya zagi mai shayi bisa kuskure, benci ya gyara masa.

"Idan ka ga Malam ya gyara maka abu ba ka roƙa ba, ɗana, to ka bincika, ya yi maka laifi. Mutane na cewa alheri ne. Bashin baki ne yake biya da hannu."

Ta tsaya da zane a hannu. Ta dubi rigar da ke kan igiya, ta dubi Sufeto.

"Ƙofa da zarto da rufi," in ji ta. "Kai, wannan laifin babba ne."

Ta ɗauko mayafinta ta ce ba za a yi wannan ba ita.

Da la'asar gindin bishiya ya cika. Shugaban 'yan dako ya zo da mutanensa su ji ko gwajin gobe yana nan. Tela ya leƙo, mai shayi ya matso da bencinsa. Baba na zaune da tif ɗin taya a hannu yana gogawa, bai ɗaga kai ba. Kofur ya so a shiga rumfar tsohon a bincika kawai, Sufeto ya ce a'a, wanda ya kawo ƙara da ƙafarsa, a bar shi ya kawo amsa da bakinsa. Sufeto ya raɗa wa Injiniya cewa duk abin da zai faɗa ta daure ta yi shiru.

Sannan ya juya wajen shugaban 'yan dako ya yi magana yadda kowa zai ji. Ya ce su je su shirya da Dillali. Bincike ya nuna ɓarawon ya gwada keken da kaya, kuma ga alama ya karye masa a tudu ya zubar da shi a kwata. Ya ce shi a ganinsa ma rufin asiri ne, gara ya karye a hannun ɓarawo da ya karye a gaban kasuwa.

Hannun Baba ya rage sauri a kan tif.

Sufeto ya ce ai Baba ya daɗe yana faɗa ba a ji ba. Kara kara ne ko an shafa masa fenti. An ce buhu biyu kacal aka ɗora masa ya tsage gida biyu.

"Wa ya ce biyu?" in ji Baba, bai ɗago ba.

"Haka muka ji. Wasu ma sun ce ɗaya. Aikin yara ne, Baba, ba a yi mata koyarwa mai kyau ba ne kawai."

Baba ya ajiye tif. Ya miƙe tsaye, abin da ba ya yi ko don mai mota.

"Shida na ɗora masa. Buhu shida, ga ni a kai, na bi ta kan duwatsun filin mai bulo da gangan, ko ƙara bai yi ba. Ka kawo mini keken ƙarfen da zai yi haka a garin nan. Kuma wa ya ce ba a koya mata ba? Ka duba ɗaurin mahaɗan nan ka gaya mini aikin yara ne."

Mai shayi ya tsaya da buta a sama.

"Wa ya ɗora, Baba?" in ji Sufeto.

Baba ya dubi jama'a, ya dubi 'yarsa, ya koma ya zauna a hankali.

Bayanin bai zo da wuya ba. Ya ce tsoro ne ya kama shi. Ya ga gobe za a tara kasuwa a kan 'yarsa, idan abin nan ya karye dariyar za ta bi ta har tsufa. Ya ce gara ya karye a hannunsa, a ce tsoho ne ya yi ɓarna. Inna daga gefe ta ce ya faɗi gaskiya duka, tun ranar da aka sa wa keken taya yake haɗiyar yawu. Bai musa ba. Ya ce da ya buga iska sai ya taɓa bel ya ji shi a ɗaure kamar fatar ganga, a bushe ƙamas, ya ce yarinyar nan ta manta abin da aka koya mata. Ya sassauta, ya zuba mai. Da keken ya ƙi hawa tudu ya ɗauka ya kashe mata shi gaba ɗaya. Ya kwana yana tunanin inda ciwon yake bai gano ba, shi da keke bai taɓa ɓoye masa ciwo ba.

"Dillali fa?" in ji Sufeto.

"Shi ya fara zuwa bakina," in ji Baba. "Kuma na san yana da jikin da zai jure."

Keken na cikin rumfarsa, bayan tarin tsofaffin tayoyi, an lulluɓe shi da tamfol. Da aka fito da shi 'yan dako suka kewaye shi suna ƙwanƙwasa gorar da yatsa. Injiniya ta tsuguna gefen keken. Ta cire bel, ta jawo kwanon ruwansa na neman huji, ta karɓi sabulu wurin mai shayi. Baba da kansa ya riƙe mata kwanon. Da ta mayar ta fara ɗaurewa ya buɗe baki zai ce ya yi yawa, ta ɗago ta dube shi, ya mayar da bakinsa.

Sufeto ya ce to, saura aikin hukuma. An kawo rahoton ƙarya, an sa an tsare mutum ba laifi. Dole Baba ya bi su ofis.

Baba ya ce gwiwarsa ba za ta sake hawa tudun nan ba, hawan jiya da na safen nan sun gama da ita.

"Ga mota," in ji Injiniya, ta nuna akwatin.

Sufeto ya ce doka ba ta yarda wanda ake tuhuma ya tafi ba ɗan rakiya ba. Kowa ya juya ya dubi Kofur. Shugaban 'yan dako ya auna shi da ido, ya ce wannan shi kaɗai ya yi buhu uku, ban da abin da ya ci yau.

Haka aka tafi da Baba Mai Faci, zaune a akwatin keken gora, gwiwoyinsa a haɓa, Kofur ya matse shi a gefe yana riƙe da hula. Injiniya ta taka. Keken ya tafi shiru, ba ƙarar sarƙa ba hayaƙi, sai tayoyi a kan kwalta. 'Yan dako suka bi su a guje, Tela ya bar ɗinki, Inna da Sufeto na baya suna tafiyarsu ta manya.

A kwanar da keken ya tsaya jiya, Baba ya runtse ido. Injiniya ta sauya giya, ta miƙe a kan feda. Keken ya ɗan yi jim, sannan ya ci gaba da hawa. Baba ya buɗe ido ya karkata kunne wajen bel yana saurare, bai ji komai ba. Sai aka ji shi yana gaya wa masu gudu a gefe su matsa, ba su ga keke ba ne?

A ƙofar caji ofis shugaban 'yan dako ya iso yana haki. Ya ce gwajin gobe an yi shi yau, magana ta ƙare, sai dai a faɗa musu yaushe na biyu zai fito.

Aka fito da Dillali. Ya durƙusa ya gai da maigidansa yana ƙunshe dariya. Baba ya dubi gefe ya ce ya ji babur ɗinsa na tari kwanan nan, ya kawo a duba masa. Dillali ya ce ya gode, ya karɓa, ya san abin da ake nufi. Ya ce shi dai a sa shi a layin masu jiran keke, tunda asirinsa ya riga ya tonu.

Sufeto ya ce saura mai ƙara. Kekenta aka ɗauka, ita za ta ce a rufe magana ko a ci gaba.

Injiniya na tsaye riƙe da keken, gumi na sauko mata. Baba ya fito daga akwatin da kyar. Ya ce ya lura tagar shagonta na son gyara. Ta ce ya gyara ta da safe. Ya ce to teburin aikin. Ta ce shi ma.

"Babu abin da ya rage, Baba. Duk ka gyara."

Ya dubi keken tun daga taya har sirdi, yana neman ko noti ɗaya da ya kwance. Bai samu ba. Ya shafa aljihun da gwangwanin mai yake, ya janye hannunsa. Inna ta matso kusa ta ɗage ɗankwali daga kunnenta.

Baba ya cire hularsa ya riƙe da hannu biyu.

"Injiniya," in ji shi, kuma wannan karon ba zolaya a sunan. "Na yi miki laifi. Ki yi haƙuri, 'yata."